Karfasar Bayan Gidan Ƙanƙara

Ni ban tashi a gidan da ake cin kifi ba. A rugarmu, can gabas da Kiyawa, idan mai tallan banda ya biyo ta hanya, kakata takan sa a kawar da ƙoren nono daga bakin ɗaki don kada warin ya taɓa shi. Maigidana ma haka ya tashi, a rugar da ke maƙwabtaka da tamu, a hannun wan mahaifinsa wanda kowa yake kira Baffa. Duk da haka kifi ne ya ciyar da mu a shekarun ƙarshe na zamanmu tare.

Shanunmu ba a rana ɗaya suka ƙare ba. Wani ciwo ne ya shiga garken, yau a yanka wannan kafin ta mutu, gobe a tarar da waccan ta riga wuƙa. Ragowar muka dinga kaiwa kasuwa muna sayen hatsi, har aka wayi gari turaku kawai suka rage a bayan ɗaki. A lokacin Dutse ba ta daɗe da zama hedikwatar jiha ba, ko'ina gini ake yi, duk wanda ya dawo daga can sai ya ce aiki har neman mai yi yake. Muka ɗauki yaranmu biyu, namiji da mace, muka kama ɗaki a ƙarshen gari, gindin duwatsu. Maigidana ya shiga leburanci, yana kwaɓa siminti yana ɗaukar bulo. Mutum ne dogo siriri, jikinsa na tafiyar daji ne, bai saba da kaya ba. Idan ya dawo da yamma sai na gasa masa kafaɗu da ruwan zafi kafin ya iya ɗaga hannu ya ci tuwo.

Kusa da unguwarmu akwai wani ƙaton rami da masu aikin titi suka haƙa suka ɗebi jar ƙasa suka bari. Damina ta cika shi, kuma bai sake ƙafewa ba. A bakinsa wani mutumin kudu ya gina gidan ƙanƙara. Da yake wutar lantarki ba ta zama, sai ya kafa wani babban inji da ke aiki dare da rana. Ruwan da ke sanyaya injin yakan fito ta wani bututu ya zuba a ramin, da ɗuminsa, kamar ruwan da ake yi wa jariri wanka. Lokacin sanyi, in ka bi ta wurin da sassafe, sai ka ga tururi yana tashi daga wannan gefen ruwan.

Maigadin gidan ƙanƙarar wani dattijo ne daga wajen Ringim, wanda ya yi sana'ar su, wato kamun kifi, a kogi tun yana saurayi har ƙafa ta fara ba shi wahala. Baba muke ce masa. Shi ne ya taɓa zuwa gida ya dawo da 'ya'yan karfasa a jarka ya juye su a ramin, don kawai ya riƙa ganin kifi kusa da shi. Maigidana yakan tsaya wurinsa ya wanke simintin jikinsa a ruwan ɗumin, suka saba. Da aikin gini ya fara ja baya, 'yan kwangila suka riƙa sallamar mutane, Baba ya ara masa fatsa, daga baya ya koya masa jefa birgi, wato ragar nan mai dalma a baki da ake wurgawa ta buɗe a kan ruwa.

Ranar da ya fara shigo da kifi cikin buhu, ya ajiye a tsakar gida bai dube ni ba.

"Ga shi nan," ya ce. "Ki tambayi matar maƙwabcinmu yadda ake gyarawa."

"Mu ne za mu ci wannan?"

"Wanda ya rage za mu ci. Sauran ki soya ki sayar."

Na yi amai sau biyu kafin na gama cire musu hanji. Amma ciki ba ya jiran ra'ayin mutum. Kafin wata ya zagayo hannuna ya faɗa, na kafa kasko a ƙofar gida bayan la'asar, ma'aikatan gwamnati da ke komawa gida a kan babura suna tsayawa suna saye da yaji a takarda. Yaran suka yi ƙiba. Muka sa babban a firamare.

Ni nake kai masa abincin rana, don mu matan ruga ba mu saba da kulle ba, shi ya sa na san ramin da idona. A gefen bututun ruwan ba shi da zurfi, kuma yana da haske, kana ganin ƙasa. Nan karfasa suke haƙa 'yan ramuka zagayayyu kamar bakin akushi, ɗaya kusa da ɗaya. Namijin yakan tsaya a kan nasa, jikinsa ya yi duhu, duk kifin da ya matso ya kore shi. Macen kuwa in ta zuba ƙwai sai ta kwashe su a baki, ta daina cin abinci har su ƙyanƙyashe. Baba ya ce a kogi sai ruwa ya yi ɗumi suke yin haka, da sanyi ya shigo su lafa a ƙasa. Amma a nan ba su san sanyi ba. Lokacin da kowa ke hura wuta a ɗaki, su a lokacin suke taruwa a bakin bututu suna haihuwa.

Na taɓa ganin maigidana ya ciro wata daga raga, maƙogwaronta a kumbure. Tana buɗe baki ƙwai suka zubo masa a tafin hannu, rawaya-rawaya kamar gero. Ya tsaya yana kallonsu.

"Mayar da ita, ɗana," in ji Baba daga inda yake zaune. "In ka ci wannan ka ci na baɗi."

Ya mayar da ita. Tun daga ranar ba ya jefa raga a gefen bututu, sai can tsakiya inda manyan da ba sa kan ƙwai suke yawo. Ina jin abin ya yi masa kama da kiwo. Yakan dawo ya ce mini yau ya ga ƙanana sun yi yawa a gefen ciyawa, da irin muryar da yake ba ni labarin maruƙa a da.

Baffa ya zo sau ɗaya a waɗannan shekarun. Ya tsaya a ƙofa ya shaƙi iskar gidan, ya ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa, ya zauna a kan buzunsa. Na kawo ruwa a kofi, ya ce yana da nasa a gora.

"Ashe abin da ake faɗa gaskiya ne," ya ce wa maigidana. "Da ka dawo ka yi mini kiwo da ya fi maka wannan."

"Baffa, a yi haƙuri. Halal ne."

"Ban ce haram ba ne. Na ce ba namu ba ne."

Bai kwana ba. Maigidana ya raka shi tasha, ya dawo ya zauna a bakin ƙofa har aka kira magariba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, gari ya cika da wa'azi da murna, mu ma mun yi murna. Amma baƙin da ba musulmi ba hankalinsu bai kwanta ba, don ana ta jin labarin tashin hankali daga wasu garuruwa. Mai gidan ƙanƙara ya fara tura iyalinsa gida. Wasu wuraren da suke sayen ƙanƙararsa da yawa ma an rufe su. Kowace shekara yakan tafi garinsu hutun ƙarshen shekara ya bar ma'aikata suna aiki. A wannan karon ya sallami kowa, ya sa aka kashe injin, ya bar wa Baba makulli ya ce sai ya ga yadda hali ya yi.

Ba mu taɓa lura da cewa ƙarar injin ta zama wani ɓangare na unguwar ba sai da ta ɗauke. Sanyin shekarar kuma ya yi tsanani, irin wanda leɓe ke tsagewa. Kwanakin farko kifayen suka ci gaba da taruwa a bakin bututun da ba ya zubar da komai. Maigidana ya ce sun daina cin dusar da yake watsa musu, suna tafiya a hankali, yaro ma zai kama su da hannu. Ya tambayi Baba ko za su saba.

"Na kogi sun saba tun suna ƙanana," in ji Baba. "Waɗannan a ɗumi aka haife su, su da iyayensu. Ban sani ba, ɗana. Ban taɓa ganin irin wannan ba."

Wata safiya bayan an idar da salla Baba ya zo da kansa yana ɗingishi ya buga mana ƙofa. Muka bi shi. Gefen ramin ya yi fari fat da cikin kifi. Wasu sun mutu, wasu suna kwance a gefe ɗaya suna motsa baki. A kan ramukan nan zagayayyu ma suna nan, kowane a kife kusa da nasa. Shirwa sun riga sun fara kewaya sama.

Maigidana ya tuɓe riga ya shiga.

"Malam, ruwan nan da sanyi," na ce masa.

"Masu rai ba su lalace ba. In muka bar su rana ta yi, shi ke nan. Je ki hura wuta, ki aro duk wayar banda da za ki samu."

Na san abin da yake lissafawa. Wannan shi ne kifin ƙarshe, in muka yi bandarsa zai kai mu wani lokaci. Ya wuni a cikin ruwan har ƙirji, yana tura su da raga zuwa gaɓa, yana cika buhu, ɗanmu yana ja zuwa gida. Mutanen unguwa suka fito da bokitai, kowa ya ɗebi na gefe ya tafi, babu wanda ya shiga zurfin da ya shiga. Baba ya yi ta kiransa ya fito ya sha rana. Ya fito ya yi azahar jikinsa yana karkarwa, ya koma. Ni ina gida ina farke ciki ina jerawa a kan wuta. Da yawa daga cikin matan, in na buɗe bakinsu, ƙwai ne cike, sun yi fari sun dunƙule. Na riƙa kwalfe su da yatsa ina zubarwa kaji suna tsattsagewa.

Washegari ya sake komawa, amma abin da ya rage ya riga ya kumbura, wari ya hana tsayawa. Ya dawo da zazzaɓi. Muka ce sanyi ne, na dafa masa citta da kanumfari, na rufe shi da duk zannuwan da muke da su. Tari ya biyo baya, sannan ya ce haƙarƙarinsa kamar ana soka masa wuƙa in ya ja numfashi. Mai kemis ya yi masa allura, bai ji sauƙi ba. Da muka kai shi asibiti a bayan a-kori-kura, likita ya ce sanyi ya riga ya cika masa huhu, da an kawo shi da wuri. Ya yi 'yan kwanaki a gado. Ranar ƙarshe ya tambaye ni ko na juya bandar don kada ta yi fumfuna, na ce na juya. Da la'asar ya cika.

Bandar nan ita muka ci, ita na sayar, duk tsawon takabata. Baba ya zo ya yi mini ta'aziyya daga bakin ƙofa, ya ce da ya sani da bai buga mana ƙofa ba ranar. Na ce masa kwana ne ya ƙare. Ba da daɗewa ba 'ya'yansa suka zo suka mayar da shi Ringim, ban sake ganinsa ba. Mai gidan ƙanƙara bai dawo ba, wasu mutane ne suka zo da babbar mota suka kwance injin suka tafi da shi.

Da na fita takaba Baffa ya dawo. A wannan karon ya zauna a tabarmata, ya yi addu'a mai tsawo, ya yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti. Sannan ya ce zai tafi da yaron, don ɗan ɗansa ne, kuma akwai karsana biyu da ya ware masa.

"Baffa, yana aji huɗu," na ce.

"Da me za ki ciyar da shi?"

Yaron ɗan farina ne, a al'adarmu ko sunansa ba na kamawa, balle in tsaya ina jayayya a kansa a gaban babba. Na haɗa masa kayansa a leda, har da rigar makaranta, ko da yake na san ba zai sake sa ta ba. Ya tsaya a tsakar gida yana jira in ce wani abu. Na ce ya riƙa salla a kan lokaci, ya ji maganar Baffa. Ƙanwarsa ce ta bi su har bakin titi tana kuka.

Ni na zauna a Dutse da yarinyar. Na koma soya ƙosai da safe a kaskon nan dai, na yi ta goge shi da toka kafin masu saye su daina cewa suna jin ƙarni. Ita ta gama sakandare, ta yi aure a Aujara. Yaron kuma ya girma a daji, ya bi shanu kudu shekara da shekaru, yanzu yana da garkensa da iyalinsa. Yakan zo da salla ya kawo mini man shanu, ya gaishe ni daga nesa cikin ladabi, mu ɗan taɓa maganar damina da lafiyar dabbobi, kafin la'asar ya ce zai kama hanya.