Tarkon da Ya Kama Mijin Yaya

Samartakarsa duk a ƙarƙashin matattakalar wani bene ta ƙare, yana gyaran waya: tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kwali cike da matattun wayoyin da masu su ba su dawo ba. A gida Injiniya ake ce masa. Mijin yayarsa ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, tun ranar da ya kwance rediyon gidan ya mayar, ta daina magana gaba ɗaya. Tun rasuwar mahaifiyarsu yake zaune a gidan yayar, a ɗakin bakin ƙofa, shi da tsohon keken ɗinki. Ba shi da kowa sai su.

Da idonsa ya fara gajiya da ƙananan kusoshi, sai ya shiga wata kwaleji koyon kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta da tsaronsu. Tsarin karatun shi ne watanni a aji, watanni a wurin aiki na gaske, kuma wanda wurin aikin ya yaba da shi akan riƙe shi. Shi ne babba a ajin. Abin da sauran suke ganewa a zama ɗaya, shi sai ya maimaita ya maimaita, amma in ya shiga kansa ba ya fita.

Da lokacin fita aiki ya zo, ya rasa inda za a karɓe shi. Mijin yaya, wanda ke kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan gini, shi ya yi ta zarya a ofisoshi yana roƙo har aka ce a kawo shi. A hanya ya ja masa kunne: kada ya taɓa komai mai magana, don kamfanin ba rediyo ba ne.

Ya so aikin fiye da yadda ya zata. Ɗakin manyan na'urori sanyi gare shi kamar cikin firji, fankoki na gurnani ba hutawa, ƙananan fitilu kore suna ƙyafta ido. Ya bi igiyoyin da suka cakuɗe ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su, ya liƙa wa kowace alama. A nan ya fara jin cewa wataƙila wata rana shi ma zai shigo gidan yayarsa da kaya a hannu, maimakon ya shigo ya tarar an ajiye masa kwano.

Kafin zuwansa ɓarayin intanet sun taɓa shiga kwamfutocin kamfanin, aiki ya tsaya cak, saboda haka manya suka tsananta. Akan tura wa ma'aikata saƙon ƙarya don gwaji. Wanda ya danna har ya rubuta kalmar sirrinsa, a yi masa gargaɗi. In ya maimaita, a raba shi da kwamfuta. Shugaban sashe ya ce Injiniya ne zai rubuta na wannan karon, kuma da shi za a auna shi, domin gurbi ɗaya ne ya rage.

Na farkon da ya rubuta, shugaban ya karanta ya yi dariya, ya ce ko kakarsa ba za ta danna wannan ba. Ɓarawon gaske, in ji shi, ba ya yi wa mutum alkawarin mota, abin da mutum yake jira yake kawo masa.

Injiniya ya san abin da ake jira. Kullum a wajen cin abinci yana jin mijin yaya yana zancen takardar da ya shigar, ta neman a mayar da shi reshen da ke kusa da asibiti, saboda ’yarsu mai sikila da ciwo kan tasar mata ba sanarwa. Ya gaya wa kansa cewa masu neman canjin reshe suna da yawa, ba mutum ɗaya ba ne. Ya rubuta cewa an kammala duba buƙatun canji, kowa ya shiga da kalmar sirrinsa ya ga sakamako. Shugaban ya karanta, wannan karon bai yi dariya ba.

Dokar aikin ita ce ba a gaya wa kowa. Ranar jajiberin tura saƙon suka ci abinci tare, mijin yaya yana tsokanarsa cewa tunda ya shiga ɗakin sanyi ya fara haske. Kalma uku ta isa: kada ka danna. Ya buɗe baki, ya tuna gurbin, ya tuna cewa mutumin babba ne, ai zai lura. Bai san an taɓa yi wa mijin yaya gargaɗi ba, don mutumin bai faɗa a gida ba. Ya sa loma.

Da safe yana zaune gaban allo, sunan mijin yaya ne ya fara fitowa a jerin waɗanda suka danna. Daga baya ya ji cewa kafin mutumin ya danna sai da ya kira matarsa ya ce ta yi addu'a, sakamako ya fito.

Karo na biyu ke nan, sai aka raba shi da kwamfuta, mai kula da sito kuwa ba ya aiki ba kwamfuta. Aka mayar da shi filin lodi, yana tsaye a rana yana duba motocin da ke fita, zancen canjin reshe kuwa ya mutu. Injiniya ya je ya roƙi shugaban. Shugaban ya ce ai wannan ne ya nuna gwajin ya yi kyau, ya miƙa masa hannu, ya ce gurbin nasa ne.

Mijin yaya bai ce masa uffan ba. Yayar ce ta same shi a ɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

“Kai ka rubuta?”

“Aiki aka ba ni, Yaya.”

“Ban tambaye ka wanda ya ba ka ba. Zancen canjin nan, a ina ka ji shi?”



“A kwanona ka ji shi,” in ji ta. “Yarinyar tana kwance muna magana, kai kana ɗauka.”

Ba ta kore shi ba. Sai dai daga ranar, in ya shigo falo hira ta yanke, a koma zancen ruwa da wuta har ya tashi. Bai cika wata ba ya kama ɗaki a bayan tashar mota. Ranar da ya kwashe kaya, mijin yaya ne ya kama masa katifa zuwa mota, ya yi masa fatan alheri kamar yadda ake yi wa maƙwabci.

Yanzu yana da takardar shaida da katin aiki a wuya. In ya kira yayar takan ɗauka, ta ce lafiya lau, kowa lafiya lau. An kwantar da yarinyar a asibiti kwanakin baya, a bakin wani direba ya ji.

Kamfanin bai daina gwajin ba, kuma an bar masa rubutawa, tunda nasa ne ke kamu. Ma'aikata sun gane, in ya shiga ɗakin cin abinci sai kowa ya duƙufa a kan farantinsa. Shugaban ya tuna masa cewa na gaba ya kusa. Jiya ya tsaya a bayan ƙofar ɗakin shayi da kofi a hannu, masu shara biyu da wata akawu suna ciki suna zancen neman wa ’ya’yansu gurbin makaranta. Bai shiga ba. Ya tsaya yana saurare har suka gama.