Birgin Kaka Hajo da littafin Rabi

A Garu na tashi, gefen kogi, a gidan da ba a rabuwa da hayaƙin turara shinkafa. In an sallame magariba, Kaka Hajo, mahaifiyar babana, takan jawo kujerarta kusa da murhu tana gyara itace ƙarƙashin tukunya, mu kuma jikoki mu zagaye ta, kowa na korar sauro da bakin zane. Tsohuwa ce mai tsiya da baki. In ta ga ka fara gyangyaɗi, sai ta saka sunanka cikin tatsuniyar, ta ba ka matsayin jaki.

Akwai wadda ta fi maimaita mana, har muka gaji da ita. "Ku buɗe kunne, ga ta nan tahe," in ji ta. Mu ce ta iso lafiya.

Wai an yi wani masunci mai son a yabe shi. Yana da ɗa guda, ya ƙosa mutane su ce ɗan ya gaje shi. Ran nan ya ɗauko birginsa, babbar komar nan da ake jefawa mai nauyin dalma, ya ɗora wa yaron a kafaɗa gaban jama'a. Yaro ya juya zai jefa, koma ta naɗe shi, ya faɗa ruwa, aka tsamo shi ana dariya. Daga ranar ko wanka ba ya zuwa yi a kogi. Sai kakarsa ta saƙa masa wani birgi da bai fi faifai ba, ta kai shi inda ruwa ke iya idon sawu. Ya kamo 'yan ƙananan kifaye, ta soya masa, ta ce ba ta taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba. Duk shekara in ruwa ya janye sai ta ƙara wa komar faɗi kaɗan, ba ta gaya masa. Har ya zama saurayi, wata rana ya jefa birgin ubansa bisa kuskure, bai ma ji bambanci ba.

"To, wa ya koya mishi su?" Kaka ta kan tambaya. Mu ce kakarsa. Ta ce, "Ƙarya kuke. Ita dai auna hannu nai ta yi." Mu a lokacin soyayyen kifin kawai muke hange.

Na yi aure a Malanbil. Maigidana, Malam Idi, yana aikin lodin albasa a kasuwa. 'Yarmu Rabi tana aji uku a lakwal, wato makarantar boko, lokacin da ubanta ya ga ɗan maƙwabcinmu riƙe da wani littafin Faransanci mai kauri, ya je ya samo mata irinsa. Kowace yamma sai ya zaunar da ita ta karanta. Tana tuntuɓe a kowane layi, shi yana tsaki, alhali da ni da shi babu mai jin abin da ke ciki. Ba a jima ba Rabi ta fara ciwon ciki duk safiya. Littafin kuwa na tsince shi a bayan randa.

"Yarinyar ga ba ta da kan boko," ya ce. "In shekara ta ƙare haka, ta zamna gida ta taya ki aiki."

Abin ya tsaya mini a rai, don na san in ya faɗa yakan aikata. Na ce, "Malam, ka ba ni zuwa damina."

Na je wurin madam, malamar ajinsu, na gaya mata komai. Ta yi murmushi, ta ce littafin na 'yan ajin ƙarshe ne. Ta ara mini wasu sirara masu hotuna, ta ce in Rabi tana tsayawa jefi-jefi, daidai ne, in kuwa kowane layi sai ta tsaya, a ajiye shi sai gaba. Na ƙara da tawa dabarar: in ta gama shafi, ta ba ni labarin da Hausa. In ta iya, har tana dariya, na san ta kama. In ta yi ta kame-kame, mu koma ƙarami. Malam Idi ya leƙa ya ce wannan ai na jarirai ne. Na ce ya bar mu da jarirantakarmu.

A nan ne maganar Kaka ta zauna mini. Ban koya wa Rabi ko baƙi ɗaya ba, ba ni da shi balle in bayar. Abin da uwa irina take iyawa shi ne ta san iyakar ɗanta yau, ta hana a kunyata shi a kanta, ta kuma lura da ranar da iyakar ta matsa.

Damina ta zo, Malam bai sake tayar da zancen ba. Wata yamma na gama tuwo, na zauna inda muka saba, ina jiran a ba ni labari. Rabi ba ta fito ba. Na leƙa ɗaki, na same ta kwance rub da ciki, idonta a kan wani littafi, leɓɓanta ko motsi ba sa yi.

"Rabi, yau ba ni da rabo?"

Ba ta ɗago ba. "Inna, wanga ya yi tsawo. Ki bari in ƙare tukuna."

Na koma bakin murhu ni kaɗai. Na yi murna ƙwarai, kuma na ji kewa, don ni ma ina son in ji yadda labarin ya ƙare.