Maikano da Injin Aski Mai Waya

Maikano ba a Kano aka haife shi ba. A Ƙafin Maiyaki aka yanke masa cibiya, kuma sau biyu kacal ya taɓa shiga birni, duka biyun ya dawo da ciwon kai. Gidansu gidan wanzamai ne. Ubansa ya koya masa aski da ƙaho, amma shi tun yana saurayi ya fi son yi wa doki aski a kan ya yi wa mutum. Yakan ce doki ba ya neman madubi, ba ya kuma ƙorafin an karkata masa aski.

Na san shi a 1974, da aka kawo ni akawu a asibitin dabbobi na Tudun Wada. Da damina ƙaiƙayi da kaska sukan addabi dawaki, magani kuwa ba ya kama fata sai an rage gashi, don haka sunan Maikano ya cika littafina. Yakan hau keke ya bi gidajen dagatai da 'yan kasuwa, daga Kiru har Doguwa, da almakashi da injin aski na hannu, irin wanda ake matsawa yana ƙyas-ƙyas.

Yana da irin nasa aikin. Ba ya gama gefe ɗaya sannan ya koma ɗayan. Sai ya ɗan aske wuyan hagu, ya zagaya ta baya yana shafa dokin, ya aske daidai wurin a dama, ya zagayo ta gaba. Ya ce haka gefe biyun suke zuwa daidai, dokin kuma ba ya gajiya da shi. Na taɓa ƙirgawa: doki ɗaya, zagaye arba'in da uku.

A damina ta 1976 babban yatsansa na dama ya fara kumbura. Ya sha saiwoyi, ya yi wa kansa ƙaho, bai daina ba. Ran nan yana cikin yi wa farin dokin Alhaji Alasan na Ƙofa aski, hannun ya ƙi matsa inji. Dokin ya koma barga rabi a aske rabi da gashi, ya yi mako biyu a haka, duk wanda ya wuce sai ya leƙa.

Alhaji Alasan taubashinsa ne, don haka bai rage masa komai ba. Ya ce, "Wanzam, ni doki ɗaya na ba ka, ka mayar mini da rabin doki da rabin tunkiya." Amma bayan an gama dariya ya gaya masa gaskiya: dawakinsa uku ne, ba zai bar su da ƙaiƙayi ba, kuma akwai wani wanzami a Bebeji mai lafiyayyen hannu. Maikano ya san idan Alhaji ya juya, sauran masu dawaki bayansa za su bi. Matarsa Furera ma ta ce, "Malam, ka jingine keken nan haka, ka zauna ka ji da jikoki." Ya ce jikokin ba su da geza.

Ɗansa Jibrin, wanda yake gyaran injuna a madatsar Tiga, shi ya kawo masa injin aski mai aiki da lantarki. Ba a matsa shi, riƙewa kawai ake yi. Maikano ya ɗaga shi, ya ga waya tana reto, ya ce, "Wannan kuma wa ya ɗaure shi? Ni da doki muna yawo, shi yana turke?"

"Baba, hannunka zai huta."

"A wane bangon zan jona shi? Na gidan dagacin Kiru, ko na bishiyar kuka?"

Gaskiyarsa, domin a duk inda yake zuwa babu wuta. Mu kaɗai muke tayar da janareto a asibiti ranar kasuwa. Injin ya yi wata bakwai a cikin kwallar Furera, tare da turarenta.

Ranar 14 ga Yuni 1977 Alhaji Alasan ya aiko cewa zai kawo farin dokin asibiti ranar kasuwa, in Maikano zai iya to, in ba zai iya ba daga nan Bebeji za su wuce. Da ranar kasuwar ta zo, Maikano ya iso tun da hantsi, injin hannu a aljihun dama, mai waya a cikin jaka yana ƙamshin turare. Muka jona masa ta tagar ofishina. Na auna wayar, yadi shida ce har da ƙarin da muka yi mata. Aka ɗaure dokin a turken da ke gaban tagar.

Da injin ya fara ƙugi dokin ya ɗaga kunne, Maikano ya yi masa magana a hankali har ya kwantar da su. Ya ɗora injin a wuyan hagu, gashi ya zubo kamar ana sheƙar gero. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe ɗan banzan ya iya!" Sai ya zagaya ta baya, yadda ya saba shekara talatin. Ya aske dama, ya zagayo ta gaba. Na buɗe baki in yi magana, ƙarar janareto ta danne ni. A zagaye na uku waya ta naɗe turke, ta naɗe ƙafafun dokin, ta haɗa da ƙafar Maikano, sannan ta fizge daga bango. Inji ya yi tsit. Dokin bai ko motsa ba, sai ya juyo ya fara cin hular Maikano.

Alhaji Alasan ya yi dariya har ya dafa bango. "Jama'a ku zo ku gani! Na kawo doki aski, an ɗaure mini wanzami!"

Muka warware shi. Ya ajiye mai wayar a kan taga, ya zaro na hannu, ya ɗora a kafaɗar dokin. Ya matsa sau shida. A na bakwai injin ya faɗi ƙasa. Ya tsaya yana kallon yatsansa, Alhaji kuma ya daina dariya, ya shiga gyara rawaninsa da bai kwance ba.

Can Maikano ya ce, "Malam Akawu, mayar da wayar nan bango." Ya kwance ragamar dokin daga turke, ya danƙa wa Alhaji a hannu. "Riƙe. Ni zan tsaya nan. In na ce juya, ka juyo mini da ɗaya gefen."

"Ni? Da babbar rigata?"

"Dokinka ne ko nawa?"

Haka aka yi. Maikano ya kafe a gindin taga, ya aske hagu, ya ce juya. Alhaji ya ja doki suka kewayo, ya aske dama, ya ce juya. Masu zuwa kasuwa suka taru a bakin shinge suna taya shi faɗin juya. Kafin azahar doki ya fito sumul, gefe biyu daidai, Alhaji kuwa ya jiƙe sharkaf, ya cire babbar riga ya rataye a turke.

Ya zauna a kan bencinmu yana haki, ya sha ruwa moɗa biyu, ya ce, "Kasuwa mai zuwa zan kawo sauran biyun. Amma wallahi da ƙanena zan zo, shi zai yi juyin."

Maikano yana busa gashi daga haƙoran injin ya ce, "A'a, kai dokin ya sani."

Daga ranar bai ƙara bin gidaje ba. Masu dawaki ne suke zuwa su same shi a gindin tagata, kowa da ragamarsa a hannu, kuma yawancinsu sun koyi zuwa da ƙaramar riga.