Lotsattsiyar Butar Kawu

Na manta lambar ɗakin da na zauna a Doha, na manta sunayen rabin malaman da suka koyar da ni, amma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta yammacin da aka zura mini ƙwallo biyar a raga ba, na kuma koma gida ina murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Duk wanda ya san ni a fili ya san ba halina ba ne. Ni mai tsaron gida ne mai saurin fushi, ko a atisaye aka ci ni sai na nemi wanda zan ɗora wa laifi.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a wata ƙaramar kwaleji, ni da sauran 'yan Arewa muna haya a unguwar Bin Mahmud. Ɗaliban manyan makarantu na Doha suna da gasar ƙwallo tasu, an kasa ta rukuni-rukuni, a ƙarshen kaka kuma ƙungiyoyi huɗu da suka fi kowa su buga sili-ɗaya-ƙwale. Mu ba mu taɓa leƙa huɗun nan ba ko a mafarki. Abin da ya dame mu wasa ɗaya ne tak a shekara, wanda muke karawa da 'yan Aziziya, ɗaliban wata babbar jami'a da ke rukuninmu. Su ma 'yan gida ne, tare muke sallar Juma'a, amma a fili ba sani ba sabo.

Wanda ya ƙulla wannan gaba mai daɗi wani malamin injiniya ne a kwalejinmu, dattijo mai furfura da ya hana mu kiransa Dakta in ba a aji ba, shi ya sa kowa ke ce masa Kawu. Iyalinsa na Kano, shi kaɗai yake zaune. A Amurka ya yi karatu, can ya kamu da son ƙwallonsu ta jami'o'i, wadda ake rungume ƙwallon a ruga da gudu ƙarti na bin mutum su kayar. Mun sha gaya masa wannan dambe ce da hular kwano, shi kuma ya ce jahilci ke damunmu. A can ne ya ga yadda makarantu biyu maƙwabta ke shekara da shekaru suna karawa a kan wani tsohon tarkace, guga ko ƙararrawa, wanda ya ci ya tafi da shi. Ranar da aka fara wasanmu da Aziziya, tun kafin zuwana, Kawu ya zo da butar shayinsa bakin fili, ƙwallo ta daki gefenta ta lotse. Nan take ya ce an samu kofi.

Sai dai ya sa wata doka da babu ita a Amurka. Wanda ya ci shi zai riƙe buta, amma shi zai dafa wa waɗanda aka ci shayi da hannunsa, ranar wasa a nan bakin fili, daga nan kuma duk Juma'a bayan la'asar a gidan Kawu har shekara ta zagayo. Tun da kullum mu ake ci, sai ya zamana 'yan Aziziya ne ke da kofi mu kuma muke da shayi. Kyaftin ɗinsu, wani dogon Bazazzagi mai karatun likita wanda ya fi kowa zura mini ƙwallo, shi ke tsugunawa gaban ɗan murhun gas yana lura da wuta yana tsokanata, ni kuma ina miƙa kofi ina cewa sukari bai ji ba. Kawu na gefe a kujerarsa ta roba yana dariya har da tari. Sai daga baya na gane cewa wannan zaman na Juma'a shi ne gidan Kawu a Doha.

Da korona ta shigo aka rufe filaye, aka rufe masallatai, kowa ya shige ɗaki. Ni ma ta kama ni. Manhajar lafiya da ke wayata ta koma ja, alamar mai ɗauke da cutar, na kwanta ni kaɗai ina rawar sanyi, ina tunanin ko gawata ma za a bari a kai garinmu Azare. Wata Juma'a sai na ji an buga ƙofa, na ji kuma ana sauka bene da gudu. Da na buɗe sai ga fulas a ƙasa. Wayata ta yi ƙara, Kyaftin ne.

"Gola, daga buta aka juye shi, doka ba ta karye ba. Ka sha ka warke don Allah, akwai ƙwallayen da ban gama zura maka ba."

Ko ƙanshinsa ban ji ba, don cutar ta ɗauke mini hanci, amma na zauna a bakin ƙofar nan na sha ina hawaye. Ashe haka ya riƙa zagayawa duk Juma'a, ƙofar Kawu ce ta farko, har aka buɗe gari.

Bayan an dawo wasa ne abubuwa suka fara canzawa. Wani babban rukuni ya samu mai ɗaukar nauyi, ga riguna, ga fili mai ciyawa ta gaske, ga mai ɗaukar bidiyo, ya fara janye ƙungiyoyi masu ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya tara shugabannin ƙananan rukunai uku a falonsa aka yi ƙawance, cewa ba mai ficewa, ba mai zawarcin ƙungiyar wani. Wani ya ce a rubuta a sa hannu, Kawu ya ƙi. Ya ce a Amurka ma kwanan nan rukunai uku sun yi irin wannan ƙawance ba takarda, sun dai dubi idon juna. Aka yi musabaha, Kyaftin na cikin waɗanda suka miƙa hannu, aka shafa fatiha.

Shekara ba ta cika ba ƙawancen Amurka ya watse. Manyan jami'o'i biyu suka bi kuɗin talabijin suka koma ɗaya daga cikin rukunan da aka yi alkawarin da su, tsohuwar makarantar Kawu na cikin waɗanda aka bari suna kallon hanya. Muna tsaka da yi masa jaje cikin zolaya sai namu ya iso. 'Yan Aziziya sun koma babban rukuni. Jadawalinsu ya cika, Juma'a ta zama ranar atisaye, babu gurbin wasa da mu. Buta kuwa tana hannunsu.

Na kira Kyaftin na zazzage masa duk abin da ke bakina, kuma bakina ba ya rasa kaya. Ya bari na gama sannan ya ce, "Wallahi ƙuri'a aka kaɗa, ni kaɗai na ce a'a. In bar yarana ne?" Na ce to ya dawo da butar mutane. Ya ce, "Ba a mayar da kofi, Gola. Ƙwatowa ake yi." Na kashe waya. Muka daina gaisawa sai ɗaga hannu daga nesa a masallaci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu. Bai zagi kowa ba. Juma'a ta farko na je gidansa na tarar ya jera kujerun roba kamar kullum, ya sayo karak, shayin madarar da ake sha a Doha, a kofunan takarda daga shagon ƙasa, ya huce ba wanda ya taɓa. A nan ya gaya mini kwantiraginsa zai ƙare bayan gasar cin kofin duniya da za a yi a nan Doha, gida zai koma gaba ɗaya. Ya ce, "Ba kofin nake ji ba, ɗana. So nake in ƙara zama sau ɗaya, ana dafawa kuna faɗa." Na ɗauki karak mai sanyi na shanye.

Wata rana ya kira ni cike da murna. A Amurka an amince za a faɗaɗa sili-ɗaya-ƙwale daga ƙungiya huɗu zuwa goma sha biyu, har da gurbi ga zakarun rukunai. Na ce to mu ina ruwanmu. Ya ce in zo in raka shi taron kwamitin gasa. Dattijon nan ya tsaya gaban yaran da ya haife su yana roƙo a mayar da huɗu takwas, a ba zakaran kowane ƙaramin rukuni gurbi. Manyan suka ce wasan zai yi arha. Ya ce ƙarin wasa ƙarin 'yan kallo ne, mai ɗaukar nauyi zai so haka. Wannan ce ta shige su, suka yarda. Mu kuwa tun da masu ƙarfi duk sun fice daga rukuninmu, sai ga mu zakaru, karo na farko a tarihi, ba don mun iya ba. Na takwas muka zo. Na takwas kuma da na ɗaya yake haɗuwa, na ɗaya kuwa Aziziya ce. Kawu ya san da haka tun kafin ya buɗe baki a taron.

Ranar ta faɗo a tsakiyar gasar duniya. Gari ya cika maƙil, ko'ina ka juya tutoci ne da masu ganguna da fuskoki masu fenti, jirgin ƙasa ba wurin sa ƙafa. Yawancin filaye masu kyau an riƙe su saboda baƙi, don haka aka matse mana komai a yini ɗaya. Namu wasan bayan la'asar a wani fili kusa da unguwar Aziziya, wanda ya ci kuma ya garzaya unguwar Nu'aija ya buga na kusa da na ƙarshe bayan magariba. Da na ga tsarin sai na san babu lokacin hura wuta, balle shayi.

Wasan kansa ba sai na ɓata muku lokaci ba. Na tare biyu masu kyau da har yau nake ba 'ya'yana labari, biyar suka wuce ni, uku daga ƙafar Kyaftin. Mu ma mun ci ɗaya, da muka yi murnarta kamar mun ɗauki kofin duniya. Ana busa tashi motarsu ta matso, mai horar da su na tafa hannu yana cewa, "Yalla, yalla, hanya a cunkushe take!" Suka fara shiga da gudu. Na dubi Kawu. Yana zaune a kujerar robar da ya ɗauko tun daga gida, hannuwansa a kan gwiwa, yana murmushin nan na mutumin da ba ya so a ga an ba shi kunya.

Sai na ga Kyaftin ya nufi but ɗin motar. Ya fito da murhu, ya fito da jarkar ruwa, ya fito da buta, lotsattsen gefenta na ƙyalli don an goge ta. Ya cire ƙyallen kyaftin daga damtsensa ya miƙa wa mataimakinsa.

"Ku je. Ni ina da aiki."

Mai horarwa ya yi tsalle ya dire. "Kana hauka ne? Wa zai ci mana?"

"Khalas, magana ta ƙare, Koci. Na ci mutane, sai na ba su shayi. Haka dokar take tun kafin a san da rukuninku."

Suka yi ta magiya, wani har da zagi, bai ko ɗaga kai ba, yana ta ƙoƙarin kunna ashana iska na kashewa. Da motar ta tafi sai na je na tsuguna na kare masa iskar da safar hannuna ta gola. Wannan ne karo na farko da muka matso kusa da juna tun ranar da na kashe masa waya. Muka tsare wutar tare har ruwa ya tafasa. Kofi na farko ya kai wa Kawu da hannu biyu, ya durƙusa. Kawu ya kurɓa, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe sai ya ce, "Likita, ka bar wasanka saboda tsoho?" Kyaftin ya ce, "A'a Kawu, saboda Gola ne. In ban ba shi ba zai kai ni ƙara har Azare." Na kurɓi nawa na ce sukari bai ji ba. Kawu ya fashe da dariyar nan tasa har da tari, hawaye na bin furfurar gemunsa, mu duka muka yi kamar tarin ne ya kawo su.

Muna sallar magariba a kan ciyawa ana jiyo ihun 'yan kallo daga babban filin da ke kusa. Bayan mun sallame saƙo ya shigo wayar Kyaftin cewa yaransa sun fara wasa, daga baya wani ya shigo cewa an fitar da su da ci ɗaya mai ban haushi. Ya karanta, ya kife wayar, ya tambayi wa ke son ƙari. Na san ya ji zafi, don yaransa sun daɗe ba su yafe masa ba, kuma shekararsa ta ƙarshe ke nan, bai sake samun damar ɗaga kofin gasar ba.

Kawu ya koma Kano bai ɗauki butar ba. Kafin ya tafi 'yan Aziziya da kansu suka ware rana ɗaya a shekara da babu rukunin da ya isa ya taɓa ta, har yau ana bugawa. An ce ƙungiyarmu ta Bin Mahmud ta ci sau ɗaya, a shekarar da na bar Doha, abin da ya sa Kyaftin ke kira na duk Sallah yana cewa yanzu an gano inda matsalar take.

Ni dai abin da na koya shi ne, ana iya sake rukuni, a faɗaɗa gasa, a yi musabaha a warware, duk wannan lissafin masu tsara jadawali ne. Abokin hamayya na gaske ɗan'uwa ne, kuma ba a gane shi sai ranar da zai zaɓa tsakanin kofinsa da kai. Nawa ya zura mini uku, sannan ya tsuguna ya dafa mini shayi.