Wuƙar da Ta Ƙi Fita Daga Kube

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa zaman gida ya ishe ni, sai na je wurin wani tsohon baduku mai rumfa a bakin kasuwar Daura, na ce ya koya mini ɗinkin kuben wuƙa. Na tafi da rula da fensir da littafin rubutu. Ya dube su, ya dube ni.

"Malam, jarrabawa za ka yi mini?"

"A'a, Baba, awo zan riƙa yi."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Shi wuƙar yake ɗorawa a kan fata, ya zaga ta da farce, ya yanka. Ni kuwa na auna tsawo, na auna faɗi, na manta ɗinki ma yana cin wuri. Kubena na farko tsinin wuƙa kaɗai ya shiga. A na biyu na saki hannu, har wani mahauci ɗan Mai'aduwa ya tambaya ko na adda ne.

A mako na uku Baba ya nuna mini yadda ake jiƙa fata a naɗe ta a jikin wuƙa don ta ɗauki surarta. Ya fara bayanin shafa wa wuƙar mai, na katse shi na ce na gane. Shekara talatin ina yi wa yara faɗa a kan saurin cewa sun gane.

Da na koma gida na ɗauke wuƙar girkin matata ba tare da ta sani ba. Na jiƙa fata sharkaf, na ɗinke tsam da wuƙar a ciki, na ɗora a kan rufin kwano ta bushe. Kwana biyu tana neman wuƙarta, har ni na taya ta dubawa. Rana ta uku na miƙa mata.

"Ga abin da kike nema, har da riga."

Ta ja, wuƙa ta ƙi fita. Fatar ta bushe ta damƙe ta. Na riƙe kube, ta riƙe ƙota, muka yi ta ja, hannuna ya suɓuce na zauna a kan buta. Ba ta yi dariya ba sai da ta shiga ɗaki.

Baba ne ya farke ɗinkin da aska. Wuƙar ta fito jawur da tsatsa.

"Malam, ina man?"

"Ai na ce na gane, Baba."

"Ka dai ce."

Ya ba ni toka da tsumma. Na wuni a bakin rumfa ina gurzar wuƙa, tsofaffin ɗalibaina na wucewa a kan babura suna rage gudu su gaishe ni.

Sai a wata na huɗu na ɗinka kuben da Baba ya yarda ya rataye cikin nasa, can baya, kusa da bango.