Rassan Mangwaron Kaka a Bayan Keke

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa aka sayar da lambun kakanmu na wajen uwa, wanda ke bayan gari. Wanda ya saya bulo zai riƙa bugawa a wurin, kuma ya ce ranar Asabar za a sare bishiyoyin. A cikinsu akwai mangwaro guda da kaka ya dasa da hannunsa, marar zare, mai ɗan tsami a kusa da ƙwallo. Ban taɓa cin irinsa a wani wuri ba, ko da yake ba zan ce babu ba. Inna ba ta yi ƙorafi ba, amma sau uku ta tambaye ni ko Asabar ɗin nan aka ce ko ta sama.

Noma na karanta a jami'a, sai dai auren mangwaro, wato ɗaura reshen wata bishiya a jikin wata, sau ɗaya na ga ana yi, shi ma daga bayan ɗalibai nake leƙe. Wanda ya iya shi ne kawu, ƙanin Inna, mai lambu a bakin gulbi kafin a kai garin Babban Mutum. Na kira shi a waya. Ya ce bazara ba lokacin aure ba ne, amma tunda sarewa za a yi, in yanko rassa masu kaurin fensir, in cire ganyen, in kawo masa a ranar kafin su bushe, zai ɗaura su a jikin ƙananan bishiyoyinsa.

Kwana biyu ina auna mota da keke. Motar haya sai ta cika take tashi, kuma kaya a but suke zama cikin zafi. Idan na bi gefen gulbi kuwa, zan samu ruwan jiƙa su a hanya. Haka na gaya wa Inna. Har yanzu ban tabbata ba ko wannan hujjar ce ta ɗora ni a kan keke, ko kuwa zaman gida ne ya ishe ni, don a watannin nan ba na iya zama wuri ɗaya.

Bayan sallar asuba na yanki rassa goma sha biyu, na naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, na ɗaure a kariyar keke, na bar Daura gari bai gama wayewa ba.

Na ce gulbi, amma a bazara yashi ne kawai, fari fat, yana lanƙwasawa yana dawowa. Hanyar ƙafa ce ke bin gaɓarsa, wani wurin ta taurara in taka feda, wani wurin taya ta nutse in sauka in tura. Kafin hantsi ƙarfen keken ya fara ƙona hannu. Shanu sun taru a ƙarƙashin gawo ba mai motsi. Nan da can akwai ramukan da mutane suka tona a tsakiyar yashin, ruwa ya taru kaɗan a ƙasa, ƙudan zuma sun kewaye shi. Duk ramin da na gani sai na tsaya.

Da na tsaya a jiƙa buhu kawai, da ba komai. Amma na tuna an koya mana cewa in kana son sanin reshe na da rai, ka kankare ɓawonsa da farce, in ka ga kore to yana nan. Sai in kwance igiya, in warware buhun, in zaro ɗaya in kankare. Kore. In mayar, in ɗaure, in hau. Ba na yin nisa sai zuciyata ta ce ai wancan na tsakiya ne, na gefe fa? In sake sauka. Da ƙayar aduwa ta huda mini taya, ina faci a gindin wata tsamiya, sai da na buɗe su sau biyu kafin gam ya sha iska.

Wajen azahar na iso wani lambun albasa da aka riga aka cire, sai barkono a gefe guda. Wani dattijo na zaune a inuwa yana ɗinke bakin buhuna da basilla. Na yi sallama, na roƙi ruwan alwala. Bayan na idar na koma kan kariya na fara kwance igiyar, shi kuwa yana kallona. Ya tambaye ni ko jariri na goyo. Na yi masa bayani, wataƙila fiye da yadda ya nema, har da abin da aka koya mana.

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya jera rassan a kan tabarma yana juya su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ne na ga abin da na yi. Kusan kowanne da tabon farce, wani biyu, wani uku, kuma na safen duk sun yi baƙi sun motse.

"Samari, rana ce ta yi musu wannan, ko kai?"

Na ce ni ne, Baba, amma dubawa nake.

"To ka duba. Sauran ukun nan da ba ka kai gare su ba, ka bar wa kawunka."

Ya ware ukun, ya sa na ɗebo yashi mai danshi daga ƙasan rami, ya binne su a ciki a wani guntun buhu, ya ɗinke bakin da basilla, ɗinki a kan ɗinki. Ya ce ruwa daga waje kawai zan riƙa zubawa. Na tambaye shi yadda zan san ba su mutu a hanya ba. Ya ce ba zan sani ba. Da zan tafi ya tambaya ko ina da wuƙa, na ce akwai ƙarama. Ya ce in saka ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin famfon taya.

Wannan rabin tafiyar ya fi wuya. Iska kamar daga bakin tanda take fitowa, ruwan gorata ya zama na shayi. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Hannuna na dama ne yake ta komawa baya yana shafa ƙunshin. A wani rami na zauna da shi a cinya ina bin ɗinkin da yatsa, ina neman inda ya yi sako-sako. Babu. Na zuba masa ruwa na tashi.

Bayan la'asar sakaliya na isa. Kawu bai bari na huta ba. Ya farke ɗinkin, ya kaɗe yashin, ya feƙe gindin kowane reshe da aska, ya tsaga ƙananan bishiyoyi uku ya cusa, ya naɗe da leda. Taran da na kankare ya duba su, ya dube ni, ya jefa wa awaki. Na ce zan zauna sati uku in ga ko za su kama.

"A'a, ɗana. Gobe da safe ka hau kekenka. In ka zauna, kwance ledar nan za ka yi."

Ban musa ba, don na riga na fara tunanin yadda za a ɗan ɗaga gefenta.

An sare bishiyar kaka ranar Asabar ɗin. Ban je ba. Na yi ta zaga gari a keke da waya a aljihun gaba. Ana cikin sati na huɗu kawu ya kira ya ce biyu sun bushe, ɗaya ya yi toho, ganye biyu jajaye. Na tambaye shi ko ya tabbata tohon daga saman ɗaurin yake, ba daga ƙasa ba, don na ƙasa ba na kaka ba ne. Ya ce in miƙa wa Inna wayar.