Lalle a Kan Farin Tabo

Tabon ya fito mini a bayan hannun dama, fari, kamar an ɗiga nono. Ban faɗa wa kowa ba. Mahaifina kuturu ne. Na ga yadda yatsunsa suka tafi ɗaya bayan ɗaya, na ga ƙwaryarsa da aka ware.

A lokacin ina kula da wata tsohuwa a Mitchellville, a nan Amurka, uwar wata nas 'yar Jos. Ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki. Idan kuturta ce, aikin ya ƙare, kuma babu gidan da zai sake ɗaukata. Na sayi lalle a shagon kayan Afirka na rufe wurin.

Wadda muke haya tare a Hyattsville, 'yar Kumasi, ta ce, "Yaya, kullum lalle? Wane tsoho kika samu kike ɓoye mana?"

Na ce, "Ci abincinki."

"To, sa hannu mana."

Na zuba nawa a kwano daban. Haka na riƙa yi.

Da wani tabon ya fito a gwiwar hannu, na tafi asibitin fata ni kaɗai, wani ƙarami kusa da shagon wanki. Turancina na aiki ne: zauna, tashi, ci. Matar da ke karɓar mutane ta miƙo mini waya, wai akwai tafinta. Na ji muryar namiji: "Salamu alaikum, Hajiya, me ke damunki?" Na mayar mata da wayarta. Hausawan nan ba mu da yawa, kuma duk wurin suna muke haɗuwa.

Likitan tsoho ne, gajere. Daga baya na ji asalinsa ɗan Japan ne. Ya sa safar hannu, ya goga lallen da auduga, bai fita ba. Ya yi magana mai tsawo. Na naɗe hannun riga na nuna masa na gwiwar. Sannan na lanƙwashe yatsuna ciki, na ɗaga masa dungun, na ce, "Baba."

Ya daɗe yana kallo. Ya nuna in rufe ido. Ya taɓa tabon da auduga, na ji. Ya taɓa da tsinke, na janye. Ya kashe wuta ya haska da wata shuɗiyar fitila, sannan ya faɗi sunan ciwon. Ban riƙe ba.

Na sake ɗaga dungun. Ya ce a'a. Wannan kalmar na san ta, amma ban yarda ba. Sai ya cire safar ya jefa a kwando, ya kama hannuna da nasa, ya murza tabon da babban yatsa yana ta bayaninsa. Da ya sake ni bai nufi famfo ba. Da hannun ya gyara tabarau, da shi ya rubuta mini man shafawa. Na kula da wannan.

Man bai yi wani abu ba. Tabon ya ƙaru, har yau yana nan. Yatsuna ma suna nan.

Na bar lallen ya koɗe. Nas ɗin ta gani, ta juya hannun ta duba, ta ce, "Mama, wannan ai ba a ɗaukarsa." Ta miƙo mini soson wankan uwarta.

Da na koma gida, 'yar Kumasi tana kan shinkafa da wake. Ta kalli hannuna ta ce, "Ina lallen? Tsohon ya gudu ke nan?"

Na ce, "Matsa." Na sa hannu a kwanonta.